Gyaran gidan dutse a gindin Garth: inda aiki ya kai

Asabar, 14 ga Satumba, 2024

Alhamdu lillahi, mun tare. Gidan yana Gwaelod-y-Garth, ƙaramin ƙauye da ke manne da gindin tsaunin Garth, kimanin mil shida arewa maso yamma da tsakiyar Kadif, babban birnin Wels a Birtaniya. A takarda ƙarƙashin ƙaramar hukumar Kadif muke, can muke biyan harajin gida, su ke kwashe mana shara. Amma in ka leƙa ta tagar baya, itatuwa ne da gangare, tumaki kuma suna can sama suna kiwo.

Uwargida aikin jinya take yi a wani asibiti a cikin birni, ni kuma yawancin aikina daga gida nake yinsa ta kwamfuta. Haya ta ishe mu, kuma abin da ƙarfinmu ya kai shi ne tsohon gida mai neman gyara. Wannan na ƙarni na 19 ne, irin jerin gidajen da aka gina wa masu haƙar kwal da ma'aikatan ƙarfe lokacin da masana'antar ƙarfe ta Pentyrch ke ci a bakin kogin Taff. Bangonsa dutse ne, kaurinsa ya haura rabin mita, rufinsa falalen dutse ne baƙi. Kafin a sa hannu sai da lauya ya nemo rahoton tsofaffin ramukan kwal, domin a wannan yanki ba a sayen gida sai an san abin da ke ƙarƙashinsa. Wels kuma tana da nata harajin sayen gida daban da na Ingila tun 2018, kuma ba a biyan komai a kan fam 225,000 na farko, abin da ya rage mana nauyi ƙwarai.

Ciwon gidan ɗaya ne: danshi. Bangon baya ya yi baƙi da fumfuna daga ƙasa har zuwa ƙugun mutum, fenti yana ɓarewa, kuma da ka buɗe ƙofa warin laima zai tare ka. Aikin da muka sa a gaba shi ne mu busar da gidan nan ya zama wurin da yara za su kwana ba tari. Zan riƙa rubuta yadda ake ciki.

Asabar, 5 ga Oktoba

Masu sana'a biyu sun zo duba bangon, kowa da tasa maganar. Na farko ya dafa wata 'yar na'ura a bango ta yi ƙara, ya ce a huhhuda gindin bangon a ɗura masa sinadari, a sake shafe ciki da siminti mai hana ruwa, cikin mako guda an gama. Na biyu wani magini ne da dattijon maƙwabcinmu ya haɗa mu da shi. Shi bai fara da cikin ɗaki ba. Sai da ya zagaya bayan gida, ya tsuguna ya dubi ƙasa, ya ɗaga kai ya dubi indararo, sannan ya ƙwanƙwasa bangon da ƙotar guduma, wurare da dama suka amsa da sautin rami.

Bayaninsa shi ne: da kwaɓin farar ƙasa da yashi aka ɗora duwatsun nan tun asali. Irin wannan bango yana shan ruwa in an yi ruwa, ya fitar da shi in iska ta kaɗa. Daga baya wani ya zo ya lulluɓe shi da siminti. Siminti ya tsage, ruwa ya bi ta tsagar ya shiga, ya rasa hanyar fita, sai ya nufi cikin ɗaki. Ga shi kuma an gina gidan a jikin gangare, ƙasar da ke bayansa ta fi daɓen ciki tsawo, duk ruwan da ya gangaro daga tsauni a jikin bangon yake tsayawa.

Ban sha wahalar gane maganarsa ba. Duk wanda ya taso a cikin birnin Kano ko Zariya ya ga katangar ƙasa da aka yi wa shafen siminti: shekara biyu uku tana ƙyalli, ruwa yana cin ta ta ciki, wata damina sai shafen ya ɓalle ya faɗo da rabin katangar, alhali ta kusa da ita mai yaɓen makuba tana nan tsaye. Na biyun muka ɗauka, ko da yake ya faɗa mana gaskiya cewa nasa aikin zai ci shekara. Ya ce masu wannan sana'a suna lissafin wata guda ga kowane inci na kaurin bango kafin ya bushe, kuma ba a taɓa farar ƙasa in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5, don haka cire siminti sai bazara. Abin da za a iya yi yanzu shi ne a raba bangon da ruwa.

Lahadi, 27 ga Oktoba

An gyara indararo, an sauya bututun da ya fashe. Ramin bayan gida ma an gama shi jiya: an haƙa shi a tsawon bangon har ya yi ƙasa da daɓen ciki, aka shimfiɗa bututu mai huji-huji, aka rufe da tsakuwa, aka kai bakinsa magudana. Ni da maginin muka yi haƙan, da diga da shebur, don babu ta inda injin zai shiga. Ƙasar laka ce mai danƙo, cike da gutsattsarin kwal da fasassun tangaran na mutanen da.

Yau aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, magariba ta dawo wajen ƙarfe biyar. Wannan ya sa muka sake tsarin zirga-zirga. Mai tunanin zama ƙauye kusa da birni ya fara lissafa wannan kafin kuɗin gida. Mil shida ba nisa ba ne, amma da safe babbar hanyar A470 takan cushe tun kafin a kai shataletalen Coryton. Abin da ya cece mu gadar ƙafa ce da ta ƙetare kogin Taff zuwa Taff's Well, inda tashar jirgin ƙasa take, daga nan kimanin minti ashirin ne zuwa tsakiyar Kadif. Ranar da uwargida ke aikin safe jirgi take bi, ranar aikin dare kuma ta ɗauki mota, ni in kai yara makaranta da ƙafa. Titin ƙauyen siriri ne, motoci biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya raɓe, kuma tun Satumbar 2023 dokar Wels ta mayar da gudu a cikin unguwanni mil 20 a sa'a. Mutane da yawa suna ƙorafi da dokar. Ni da nake tafiya da yara biyu a titin da wani wurin ba shi da gefen masu ƙafa, ina goyon bayanta.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Guguwar da aka sa wa suna Bert ta wuce. Ruwa ya wuni ya kwana yana zuba Asabar da Lahadi. Jiya da asuba na fita da tocila na duba bakin bututun da muka binne, na tarar yana ta aman ruwa ja, cike da bakinsa. Duk wannan da a jikin bangon ɗakin yara zai tsaya. Na kira uwargida ta zo ta gani, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Maigida, ashe a cikin wannan mutanen baya suka rayu." A ciki daɓe a bushe yake.

Mu a tudu muke, Allah ya kiyaye mu. Pontypridd, da ke 'yan mil kaɗan sama da mu a bakin kogin nan, ruwa ya shiga gidaje da shaguna, kuma waɗannan mutane ne da ambaliyar guguwar Dennis ta Fabrairun 2020 ta riga ta yi wa ɓarna. Daga kan gadar ƙafa na ga Taff ya cika ya batse, yana tafe da rassan itace. Dattijon maƙwabcinmu ya nuna mini inda ruwa ya kai a 2020 a ɓangaren Taff's Well. Kadif tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,100 a shekara, kuma ba damina guda yake zuba ba, kowane wata da rabonsa. Duk wanda zai sayi gida a wannan kwari, ya tambayi inda ruwa ke bi kafin ya tambayi yawan ɗakuna.

Lahadi, 8 ga Disamba

Ran Juma'a da daddare wayoyinmu suka ɗauki ƙara lokaci guda: gargaɗin gaggawa daga gwamnati kan guguwar Darragh. A arewacin Wels iska ta haura mil 90 a sa'a. A nan ta ɗauke mana falalen rufi guda uku ta jefar a lambu.

Mai rufi ya zo yau ya toshe wurin na wucin gadi. Da ya leƙa cikin silin sai ya sauko da wasu baƙaƙen ƙwayoyi a tafin hannunsa, ya murza ɗaya ta zama gari. Ya ce kashin ɓera ba ya murjewa haka, wannan na jemage ne. Daga nan ya ce shi ba zai taɓa rufin gaba ɗaya ba. A Birtaniya doka ta kare dukkan jemagu da wuraren kwanansu, ko suna ciki ko ba sa ciki, kuma lalata wurin laifi ne. Sai masana sun zo sun duba, kuma dubawar ba ta yiwuwa sai daga Mayu, lokacin da suke fita farauta. In an tabbatar suna nan, sai an nemi lasisi daga hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Wels. Ke nan sabon rufin da muka so yi a Maris ya koma ƙarshen shekara mai zuwa.

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Ba wani aikin gini. Na'urar tsotse danshi ce ke aiki dare da rana, muna zubar da ruwanta kullum. Mun janye kabad daga jikin bango, muna buɗe taga na ɗan lokaci kowace safiya duk da sanyi, mun kuma daina shanya wanki a kan ƙarfen ɗumama ɗaki. A ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa sai bayan takwas, huɗu da 'yan mintoci ta faɗi, mu kuma da tsauni ke yamma da mu tun kafin nan inuwa ta rufe mu.

Makarantar firamaren ƙauyen ɓangare biyu ce, na harshen Wels da na Turanci. Babbar 'yarmu tana na Turanci, ƙaramin muka sa shi a na harshen Wels, ga shi har ya fara yi wa maƙwabcinmu waƙa da yaren. Ƙidayar 2021 ta nuna masu jin harshen 538,300 ne, kashi 17.8 cikin ɗari na jama'ar Wels masu shekara uku zuwa sama, gwamnati kuma tana neman su kai miliyan ɗaya kafin 2050. Duk allon hanya da takardar hukuma da harsuna biyu suke zuwa. Ganin yadda iyaye a nan suke tsayawa a bakin ƙofar makaranta suna yi wa 'ya'yansu magana da yarensu, ba kunya ba kame-kame, ya sa muka kafa doka a gida: daga an rufe ƙofa, Hausa.

Asabar, 1 ga Maris

Yau muka ɗauki azumi, yau ce kuma ranar Waliyi Dauda, ranar da mutanen Wels ke bikin ƙasarsu. Jiya yara suka tafi makaranta da furen nan rawaya a ƙirji. Azumin bana da sauƙi, ana shan ruwa kafin shida.

A nan ne nisan ƙauye yake fitowa. Babu masallaci, babu mahauci na halal, sai an shiga Kadif. Nama da kayan miya a City Road ko Grangetown muke sayowa mu cika firiza. Tarawihi kuwa zan riƙa zuwa Butetown in mota tana gida, in ba ta nan mu yi jam'i da yara a falo. Musulunci ba baƙo ba ne a Kadif. Tun ƙarni na 19 ma'aikatan jiragen ruwa 'yan Yaman da Somaliya suka zauna a unguwar tashar jiragen, lokacin da kwal ɗin waɗannan kwaruruka ke fita duniya ta nan, kuma jikokinsu ne za ka tarar a sahu a masallacin Alice Street. Kwal ɗin da mai wannan gida na farko ya haƙa, wataƙila kakan wanda ke kusa da ni a sahu ne ya zuba shi a wutar jirgi.

Uwargida ta aika wa dattijo da ƙosai da kunun gyaɗa. Yaranmu kuwa Kaka suke ce masa, shi ma ya karɓi sunan. Kwanon bai dawo haka nan ba, ya dawo da 'yan wainar nan tasu masu zabibi da ake gasawa a kan farantin ƙarfe.

Asabar, 26 ga Afrilu

Babban aiki ya kankama. Tun bayan ƙaramar Salla aka kafa ƙarafan hawa, muka shiga ɓare siminti daga bangon baya da kurfi da guduma. Maginin ya hana amfani da babban inji don kada a farfasa fuskar dutse. Wani wurin shafen da kansa yake faɗowa, faifai guda, bayansa jiƙe sharkaf, kwaɓin da ke tsakanin duwatsu ya koma baƙar laka da za ka kwashe da yatsa. Wani wurin kuma ya kama dutse ƙam, sai a wuni a kan abin da bai fi faɗin tabarma ba. Da aka gama sai ga bangon asali ya fito, duwatsu ruwan toka da ruwan ƙasa, har da wata 'yar taga da aka toshe da bulo, wadda ba wanda ya san da ita.

Aka bar shi ya sha iska, kuma Allah ya taimake mu da yanayi, don bazarar bana rana ake yi ba ruwa, har gobarar daji ta yi ta tashi a tsaunukan Wels. Sai dai wannan rana da ke busar da bango ita ce abokiyar gabar sabon kwaɓi. Farar ƙasa ba ta son gaggawa. A hankali take ƙarfi, tana jan iskar kabon daga sarari tana komawa dutse, in ta bushe da wuri sai ta tsattsage ta zama gari. Saboda haka kafin a cusa kwaɓi sai an fesa wa bango ruwa, bayan an cusa a rataya jiƙaƙƙun buhunan algarara a kai, a riƙa yayyafa musu ruwa safe da yamma. Washegari, in ya fara tauri, a bi shi da burushi mai ƙarfi ana bugawa har ƙwayar yashi ta fito. Fesa ruwa da bugun burushi su ne rabona, cusawa ta maginin ce. Dole a sa safar hannu da tabarau, domin farar ƙasa tana cin fata.

Kaka yakan jawo kujera ya zauna yana kallo. Shi ya ba ni labarin ramin kwal na Lan da ke nan ƙauyen, inda iskar gas ta fashe a 1875 ta hallaka ma'aikata. Ya ce wa maginin, "Yaro, yadda kake yi ɗin nan haka na ga ana yi ina ƙarami." Maginin da furfurarsa, amma ya ji daɗin maganar.

Asabar, 7 ga Yuni

Jiya aka yi babbar Salla. Wels tana da tumaki wajen ninki uku na mutanenta, ina jin kukansu daga ɗakina, amma doka ba ta yarda a yi yankan addini a gida ba, sai a mayankar da hukuma ta amince da ita. Mun ba mahauci a Kadif odar rago, mun kuma aika gida a yi wata layyar a raba wa dangi.

Masu duba jemagu sun fara zuwa. Sukan iso kafin faɗuwar rana, wadda yanzu sai wajen tara da rabi, su tsaya gaba da bayan gida da na'urar da ke mayar da kukan jemage abin da kunne zai ji. Yara suka roƙa a bar su su tsaya. Can sai na'urar ta fara ƙyas-ƙyas, wani ɗan abu ya sulluɓo daga ƙarƙashin falalen da ke kusa da bututun hayaƙi. Irin ƙananan nan ne masu nauyin kimanin giram 5, ba irin manyan da ke rataye a bishiyar mangwaro ba, kuma ƙwari kawai suke ci. Da farko jinkirin ya dame ni. Yanzu da na gan su, na kuma ga ba su taɓa mana komai ba, na yarda dokar tana kan hanya, sai dai ya kamata a riƙa faɗa wa mai sayen tsohon gida tun wuri ya tanadi kuɗin binciken, don daga aljihunsa zai fito.

Asabar, 19 ga Yuli

An gama bangon baya, an shafe shi da ruwan farar ƙasa. Da yamma muka hau Garth. Tsawonsa mita 307, a samansa akwai tudun kaburburan mutanen zamanin tagulla. Daga can ana ganin Kadif gaba ɗaya har teku, da gaɓar Ingila a ƙetare. Ana kuma ganin yadda birni ke matsowa. A gefen hanyar Llantrisant ana gina sabuwar unguwar Plasdŵr, wadda aka tsara za ta kai gidaje 7,000, a kan filayen da gonaki ne a da.

Wannan ita ce maganar da ba ta ƙarewa a ƙauyukan nan, a bakin makaranta da zauren taro. Tsofaffin mazauna suna tsoron cunkoso da ranar da za a wayi gari ƙauye ya zama unguwa. Ina jin tsoronsu, don abin da ya kawo mu ke nan. Amma mun yi zaman haya a ɗaki biyu da yara, na san masu jiran waɗancan gidaje su wane ne, yawancinsu irinmu ne. Abin da nake ganin ya dace a matsa wa hukuma a kai shi ne motocin haya da makarantu da asibitin unguwa su zo tare da gidajen, kada a bari sai bayan an tare.

Asabar, 4 ga Oktoba

Lasisi ya fito a watan jiya, aka fara rufi da zarar lokacin renon 'ya'yan jemagu ya wuce. Da hannu aka ɗaga falalen da ke kusa da bututun hayaƙi, mai binciken tana tsaye. An hana sa shimfiɗar zamani a ƙarƙashin falale, domin zarenta yana naɗe ƙafar jemage, sai aka sa irin ta da mai kwalta, aka kuma bar musu 'yar kafar shiga a inda suka saba. Yawancin tsofaffin falalen an mayar da su, ƙusoshinsu ne kawai suka ruɓe.

Ciki kuma, bangon ɗakin yara ya bushe daga sama har kusan gwiwa, ƙasan ne da saura. Maginin ya ce kada a yi masa shafe sai ya ga yadda zai yi a wannan hunturun, in ya riƙe, sai a yi shafen farar ƙasa a Afrilu, da fentin da ba ya toshe bango. Kafin nan yara suna ɗakin gaba. Sauran aikin bana biyu ne: share indararo bayan ganye ya gama zuba, da neman kafinta ya duba ko 'yar tagar da muka gano za ta buɗu. Ran Talata zai zo ya auna.